Cocin Kilpeck: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsohon Cocin Ƙauye a Iyakar Ingila da Wales

Duk wanda ya ɗan zaga karkarar Ingila ya san da wuya ka yi tafiyar mil uku ba ka hango wani tsohon coci ya leƙo daga bayan itatuwa ba, kaburbura sun kewaye shi, tumaki na kiwo a gefe. 'Yan uwa masu karatu ko aiki a Birtaniya, da masu zuwa hutu, sun sha maimaita tambayoyi iri ɗaya a kan waɗannan gine-gine. Magana a kan dubban coci lokaci guda ba ta kama hannu, shi ya sa na ɗauki guda ɗaya, na ƙauyen Kilpeck, na rataya amsoshin a jikinsa.

Ina ne Kilpeck, kuma me ya sa ake yawan ambaton cocinsa?

Ƙaramin ƙauye ne a yankin Herefordshire da ke yammacin Ingila, kimanin mil 9 kudu maso yamma da birnin Hereford, kuma kamar mil 5 ne tsakaninsa da iyakar Wales. Cikakken sunan cocin shi ne Cocin Maryamu da Dauda (waliyyin Wales, ba Annabi Dauda ba). An gina shi wajajen shekarar 1140, wato ya doshi shekara 900 ke nan.

Ba girma ya sa ya yi suna ba. Wani masallacin unguwa ma ya fi shi faɗi, kuma ba shi da doguwar hasumiya. Abin da ke kawo mutane daga nesa shi ne sassaƙar dutsen da ke jikinsa, da kuma yadda ginin ya iso zamaninmu kusan yadda maginansa suka bar shi. Yawancin tsofaffin cocin Ingila an yi ta yi musu ƙari da kwaskwarima har asalinsu ya ɓace. Wannan kuwa an bar shi ya sha iska.

Me ake nufi da cocin gunduma?

Tun fiye da shekara 800 da suka wuce aka yanyanka ƙasar Ingila zuwa ƙananan gundumomi, kowace da cocinta da limaminta. Turawa na kiran irin wannan gunduma farish. Duk wanda ke zaune a cikinta, a nan za a yi masa baftisma, a nan zai ɗaura aure, a nan za a binne shi. Manoma na fitar da ushiri, kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona da na dabbobi, don ɗaukar nauyin limami. Gundumomi da yawa su ke haɗuwa su zama dayosis a ƙarƙashin bishop. Kilpeck na ƙarƙashin dayosis ta Hereford, wadda aka kafa tun 676.

A da aikin gunduma ya wuce ibada. Ita ke kula da matalauta da gyaran hanya, kuma daga 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, ko aka ɗaura wa aure, ko aka binne. Waɗannan rajistoci su ne Turawa ke bi yau idan suna neman asalin kakanninsu.

Wa ya gina shi?

Bayan Normawa sun ƙetaro daga arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Sarki William ya raba wa mutanensa ƙasa. Kilpeck ta faɗa hannun wani William fitz Norman, kuma sunan garin ya fito a babban kundin ƙidayar dukiya na 1086 da ake kira Domesday. Iyalin su ne masu gadin dazuzzukan farautar sarki a yankin, muƙami ne mai maiƙo. Suka gina ganuwa, wato gidan tsaro mai katanga, a kan tudu. Hugh, ɗan William fitz Norman, shi ake danganta wa ginin cocin da muke gani yau, kuma shi ya miƙa shi ga babban gidan sufaye na Gloucester.

Lokacin ba na kwanciyar hankali ba ne. Sarki Stephen da 'yar uwarsa Matilda na ta gwabza yaƙin gadon sarauta, ga Wales a bakin ƙofa. Amma mai ƙasa da kuɗi yakan so a san da zamansa, kuma a wancan zamani ba abin da ke nuna isa kamar ka ɗauko gwanayen masassaƙa su ƙawata maka coci a gindin ganuwarka. Su masassaƙan, ba wanda ya rubuta sunansu. Akwai ƙarin bayani a kansu a amsar da ta shafi salon sassaƙar.

Sunan Kilpeck bai yi kama da Turanci ba. Daga ina ya fito?

Daga harshen Wales. Kafin Ingilishi su mamaye wurin, yankin wata ƙaramar masarauta ce mai suna Ergyng, wadda daga baya aka riƙa kira Archenfield. Mutanen Wales na kiran garin Llanddewi Cil Peddeg, ma'ana cocin Dauda da ke wurin kaɗaitar Pedic, wani bawan Allah na zamanin da. Tsohon kundin cocin Llandaff ya ambaci coci a nan tun ƙarni na 7.

Akwai alamu biyu a ƙasa da ke goyon bayan haka. Filin maƙabartar ya ɗan tashi sama kuma siffarsa kamar ƙwai, irin na tsofaffin wuraren ibadar Wales. Sannan a kusurwar arewa maso gabas ta babban ɗakin akwai wasu duwatsu da jerinsu ya saɓa da sauran, waɗanda masana da dama ke ɗauka ragowar ginin da ya riga wannan ne. Sunan Maryamu daga baya aka ƙara shi, an ɗauko shi daga ƙaramin ɗakin ibadar da ke cikin ganuwa bayan ganuwar ta lalace.

Yaya fasalin ginin yake?

Ɗakuna uku ne a jere daga yamma zuwa gabas, na yamma ya fi girma, na gabas ya fi ƙanƙanta. Na farko shi ne babban ɗakin jama'a. Daga shi sai ka ratsa ƙarƙashin wani baka ka shiga na tsakiya, wurin limami. Daga nan wani bakan kuma ya kai ka ɗan ƙaramin ɗaki mai zagayayyen bango kamar rabin ƙwarya, inda bagade yake. Wanda ya saba da masallaci zai ga ya yi masa kama da mihrabi da aka faɗaɗa.

Wannan zagayayyen ɗaki shi ne abin da ba a cika samu ba. Normawa sun gina irinsa da yawa, amma daga baya Ingilishi suka fi son bangon gabas miƙaƙƙe mai ƙatuwar taga, sai suka rurrushe su. Na Kilpeck na nan da rufinsa na dutse, haƙarƙarin bakan sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, inda aka sassaƙa kawuna huɗu masu kama da na kyanwa. Magini Bahaushe da ya san daurin guga ba zai yi baƙunta da dabarar ba, illa dai nan dutse ne, can kuwa azara da ƙasa.

Fuskantar gabas al'ada ce ta tsofaffin coci gaba ɗaya. Babbar ƙofa kuma yawanci a kudu ake yin ta, ɓangaren da rana ke bugawa a ƙasar da hasken rana ke da tsada.

Ta yaya zan gane ginin Normawa idan na gan shi?

Dubi bakan ƙofa da na taga. Idan zagaye ne kamar rabin faifai, bango mai kauri, tagogi ƙanana kamar na rumbu, ga ado mai zigizaga kamar haƙoran zarto, to kana gaban ginin Normawa, daga 1066 zuwa ƙarshen ƙarni na 12. Idan bakan ya yi tsini a sama, an shiga salon da ake kira Gotik. Shi ma hawa-hawa ne: da farko tagogi dogaye sirara, sai masu rassan dutse kamar furanni har zuwa wajajen 1350, sai na ƙarshe masu miƙaƙƙun layuka da manyan gilasai har zamanin Sarki Henry na Takwas.

A mafi yawan cocin ƙauye za ka tarar da uku ko huɗu daga cikin waɗannan a gini ɗaya, kamar rigar da aka yi ta yi wa faci. A Kilpeck 'yan tagogi ne da wata ƙaramar ƙofa aka ƙara daga baya, sai barandar katako a cikin ɓangaren yamma, sai ɗan gidan ƙararrawa na ƙarni na 19 a kan rufi.

Me ke jikin ƙofar kudu da kowa ke ɗaukar hotonta?

A nan ya kamata ka ɓata lokacinka. A saman ƙofar, cikin rabin da'irar da ke ƙarƙashin baka, an sassaƙa itacen inabi da 'ya'yansa, wanda ake fassarawa da Itacen Rai. Bakan kansa hawa-hawa ne. A na ciki akwai mala'ika a tsakiya, da tsuntsun almara mai ƙonewa ya sake tashi daga toka, da jerin kawunan dodanni masu baki irin na tsuntsu, kowanne ya ciji gefen bakan. A na waje akwai zobba da aka sarƙe da juna, a cikinsu tsuntsaye da kifaye da macizai.

Sauko da ido kan ginshiƙan gefe. Macizai masu kauri sun nannaɗe suna hawa da sauka, wani ya kama wutsiyar wani. A ginshiƙin hagu akwai mayaƙa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da huluna masu tsini da wanduna masu faɗi, igiyoyin ganye sun ɗaure su tamau kamar kifi a koma. A kan ginshiƙin hagu zaki na fuskantar wani dodon tatsuniya. A kan na dama kuwa fuskar mutum ce, rassan itace na fitowa daga bakinsa. Turawa na kiran irin wannan fuska Koren Mutum, amma sunan sabo ne, wata mata da ake kira Lady Raglan ce ta yaɗa shi a 1939. Masassaƙin bai san shi da wannan suna ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne saƙar. Ba inda layi ya tsaya cak. Kowace igiya ta bi ta ƙarƙashin wata ta fito ta kan wata, har sai idonka ya gaji da bi. Wanda ya taɓa tsura wa dagi ido a gaban babbar riga ya san irin wannan wasa.

Su kuma kawunan da ke jere a ƙarƙashin rufi fa?

Duwatsu ne da suka ɗan fito daga bango suna tallafe da bakin rufi, kamar kawunan azara. Asali 89 ne, 85 sun rage, kuma kowanne da abin da aka sassaƙa masa. Ka zaga ginin a hankali ka ɗaga kai. Akwai kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, kunnuwa a sake, sai ka rantse daga littafin zanen yara na bana aka ciro su. Akwai rago, akwai mai goge, akwai mutum biyu da suka rungumi juna, ko kokawa suke ko rawa. Akwai Ɗan Rago na Allah, alamar Almasihu, riƙe da gicciye, amma masassaƙin ya yi shi ya fi kama da doki. A bangon yamma kuma manyan kawunan dodanni sun miƙo waje, baki buɗe, harshe a naɗe, kamar kada.

Wanda ya fi jawo surutu shi ne siffar wata mace tsirara mai ƙaton kai da ke nuna al'aurarta. Ana kiran irin wannan siffa Sheela na gig, kuma akwai su da dama a tsofaffin gine-ginen Ailan da Birtaniya, amma ta Kilpeck ce aka fi sani. Idan da yara za ka je, ka san da ita tun daga gida.

Me irin waɗannan siffofi ke yi a jikin wurin ibada?

Wannan ita ce tambayar da Musulmi da Kirista 'yan Najeriya suka fi yi, kuma su Turawan ma ba su gama gardama a kanta ba. Wasu na cewa wa'azi ne da dutse ga mutanen da ba su iya karatu ba: a zamanin akwai littattafan dabbobi da ke ba kowace dabba ma'ana, wannan misalin Almasihu, wancan misalin Shaiɗan, ita kuma macen gargaɗi ce kan sha'awa. Wasu na cewa waje duniya ce da ruɗaninta, ciki kuwa tsarki, shi ya sa dodanni suka tsaya a bakin ƙofa. Wasu kuma na ganin ragowar tsafin da ne.

Ni dai wannan ta ƙarshe ba ta gamsar da ni ba. Lokacin da aka gina cocin, Kiristanci ya yi shekaru ɗaruruwa a yankin, kuma mai kuɗin da ya biya aikin shi ne ya miƙa shi ga sufaye. Abin da ya fi kwanta min shi ne a haɗa ta farko da ta biyu, a kuma bar wa masassaƙi ɗan filinsa. Wanda ya sassaƙa kare da zomon nan yana murmushi ya yi su.

Hujjar masu cewa ciki daban waje daban tana bakan da ke tsakanin ɗakin jama'a da na limami. A can ba dodo ko ɗaya. Mutum uku ne a kowane gefe, ɗaya a kan ɗaya, fuska a ɗaure, riƙe da littafi ko mabuɗi ko gicciye, ana ɗaukar na saman manzanni ne.

Daga ina masassaƙan suka samo wannan salo?

Masana na kiran su makarantar Herefordshire, wato wani rukunin gwanaye da suka yi aiki a yankin a tsakiyar ƙarni na 12, ana gane hannunsu a coci da dama. Sun kwaso daga tukwane da yawa. Saƙar igiyoyi ta tsoffin Ingilishi ce da mutanen Ailan. Macizai da kawunan dodanni na tuna aikin Vikin, tsoffin mayaƙan teku na arewacin Turai. Jera mutane ɗaya kan ɗaya a ginshiƙi kuwa, da duwatsun ƙarƙashin rufi masu siffofi, salon yammacin Faransa ne da arewacin Sifaniya.

Akwai labarin da ya bayyana yadda abin ya ƙetaro. Wani tsohon tarihi ya ce Oliver de Merlimond, wakilin babban mai ƙasa Hugh Mortimer, ya tafi ziyarar ibada Santiago de Compostela a Sifaniya, ya ratsa Faransa, kuma shi ne ya gina coci a Shobdon, arewacin Herefordshire. Da yawa na ganin a wannan tafiya aka ga abin da aka gani aka dawo da shi. Ƙarshen cocin Shobdon na cikin amsar ƙarshe.

Me ya sa sassaƙar ba ta lalace ba?

Dalili na farko dutsen ne, jan dutsen yashi na yankin, wanda a nan ya yi tauri ya jure ruwa da sanyi. Ita ƙofar kudu kuma ta daɗe a ƙarƙashin wata rumfa da ta kare ta, sai a ƙarni na 19 aka cire.

Babban dalilin dai talauci ne. A ƙarni na 12 da na 13 Kilpeck gari ne mai ganuwa da sufaye da kasuwa, har Sarki John ya sauka a nan fiye da sau ɗaya. Sai ƙarni na 14 ya zo da yunwa, annobar 1348 zuwa 1349 ta biyo baya, masu ganuwar suka koma wasu wurare, garin ya zama kufai. Har yau ana ganin tudun tsofaffin gidaje da layin titi a filin da ke gefen cocin. Daga baya, a ƙarni na 15 da farkon na 16, garuruwan da suka yi arzikin ulu irin su Lavenham da Long Melford da Northleach sun rushe tsofaffin cocinsu sun gina manya na yayi. Mutanen Kilpeck ba su da kuɗin rushewa balle na sabon gini. Da sun samu, da yau ba mu da wannan ƙofa.

Ba a farfasa siffofi a cocin Ingila ba lokacin sauyin addini?

An yi, ba kaɗan ba. Henry na Takwas ya ɓalle daga Paparoma a 1534, ya rufe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540. A zamanin ɗansa Edward na Shida, daga 1547, aka ba da umarnin kawar da gumaka, aka shafe zanen bango da farar ƙasa, kuma a 1549 aka koma yin sujada da Turanci maimakon Latin. Shekara ɗari bayan haka, lokacin yaƙin basasa, masu tsattsauran ra'ayi suka sake bi da guduma. Wani William Dowsing ya zaga ɗaruruwan coci a gabashin Ingila a 1643 da 1644 yana fasawa yana rubutawa.

Yaƙin ya iso Kilpeck, domin a lokacinsa aka ƙarasa rusa ganuwar. Amma sassaƙar cocin ta tsira. Wuri ne a lungu, kuma yawancin siffofin dabbobi ne da dodanni, ba waliyyan da ake durƙusa wa ba, waɗanda su masu guduma suka fi nema.

Yaya cikinsa yake a da?

Ba kamar yau ba. Dutsen da kake gani tsirara, a da an yi masa yaɓe an zane shi da launuka. Babu kujeru, a tsaye ake sujada, tsofaffi su jingina da bango. Ga duhu, ga sanyi, ga hayaƙin kyandir. Mai son ganin yadda abin yake sai ya je cocin Maryamu na Kempley a Gloucestershire, ba nisa sosai, inda zanen bango na ƙarni na 12 ya tsira saboda farar ƙasar da aka shafe shi da ita ta zame masa bargo.

Kayan da suka rage a Kilpeck sun haɗa da ƙaton kwarin baftisma na dutse, mai faɗin da za a iya tsoma jariri gaba ɗaya, da wani ɗan kaskon ruwan tsarki da aka sassaƙa kamar tumbi, hannaye biyu sun rungume shi. Ana ganin kaskon ya girmi cocin.

Gwamnati ce ke kula da shi?

A'a, kuma wannan na ba mutane mamaki. Ko da yake Cocin Ingila shi ne na hukuma, sarki ne shugabansa, gwamnati ba ta biyan kuɗin gyaran cocin gunduma. A Faransa cocin da aka gina kafin 1905 mallakar ƙaramar hukuma ne. A Ingila kuwa nauyin na kan majalisar gunduma, wato 'yan ƙauyen da ke zuwa sujada, tare da wakilai biyu da ake zaɓa duk shekara. Su ke tara kuɗi ta baiko da sayar da shayi da kek, da akwatin bakin ƙofa, da neman tallafi daga gidauniyoyi. A karkara limami ɗaya kan riƙe gundumomi biyar ko fiye, don haka ba kowace Lahadi ake sujada a kowane coci ba.

Cocin Ingila na da gine-gine kusan 16,000, fiye da 12,000 daga ciki na cikin rajistar kayan tarihi. Kilpeck na aji na ɗaya, mafi daraja, kuma kusan kashi 45 cikin 100 na duk gine-ginen wannan aji a Ingila cocin Angilika ne. Ka auna wannan nauyi a kan tsirarun tsofaffi. Inda suka gaza, akan rufe coci, a sayar, ko a miƙa shi ga wata hukumar adana coci da aka kafa a 1969, wadda yanzu ke riƙe da fiye da 350.

Za su iya gyara shi yadda suka ga dama?

Ko kusa. Duk shekara biyar dole masanin gini ya duba shi daga rufi zuwa tushe ya rubuta rahoto. Duk wani canji mai ma'ana, ko cire kujera ne ko sa bayan gida, sai an nemi izini daga kotun dayosis. An yi wa Kilpeck manyan gyare-gyare a 1864 da 1898 da 1962, kuma an yi sa'a masu gyaran ba su wuce gona da iri ba. Wasu wuraren ba su yi wannan sa'a ba. Turawan zamanin Sarauniya Victoria sun kankare tsofaffin coci da sunan gyara har suka mai da su sababbi, abin da ya fusata William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877.

Babban abokin gaba ruwa ne: indararo ya toshe, rufi ya yi yoyo, katako ya ruɓe. Na biyu siminti. An gina waɗannan bangaye da kwaɓin farar ƙasa mai barin danshi ya fita. Idan aka liƙe da siminti, ruwan ya maƙale a ciki, sanyi ya daskarar da shi, dutsen ya fashe. Duk wanda ya ga yadda yaɓen siminti ke ɓamɓarowa daga katangar ƙasa a Kano ko Zariya, ya tafi da rabin bangon, ya riga ya fahimci matsalar. Sai ɓarayin darmar rufi, da jemagu, waɗanda dokar 1981 ta hana a taɓa su ko da kashinsu na ɓata kaya.

Akwai wata alaƙa tsakanin irin wannan coci da na ƙasar Hausa?

Ta wajen tsari akwai. Cocin Angilika na Najeriya ya gaji gunduma da dayosis da bishop daga Cocin Ingila ta hannun 'yan mishan. Ta wajen gini kuwa, misalin da ya cancanci ambato shi ne cocin Bartholomew na Wusasa a Zariya, wanda aka gina a 1929 da ƙasa, da bakuna irin na maginan Zazzau, ba a kwaikwayi dutsen Ingila ba. Shi ma maginan wurin ne suka yi shi da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu, kamar yadda aka yi a Kilpeck.

Wanda ba Kirista ba zai iya shiga? Ana biya?

Daga ɓangaren masu cocin, ƙofa a buɗe take ga kowa da rana, ba mai tambayar addininka, kuma sau da yawa ba za ka tarar da kowa ba. Ba kuɗin shiga, sai akwatin gudummawa ga mai niyya. Ba a cire takalmi, maza kan cire hular sanyi, mata ba a ce su cire mayafi. Kada ka hau wurin bagade, kada ka shafa sassaƙar da hannu, kuma ka ja ƙofa idan za ka fita don kada tsuntsaye su shiga. Idan ka tarar ana sujada ko jana'iza, ka dakata a waje. Mai shakka kan hukuncin shiga a addininsa ya tambayi malaminsa. Ko bai shiga ba bai yi asara mai yawa ba, tunda ƙofar kudu da kawunan rufi duk a waje suke.

Yaya ake zuwa, kuma me zan haɗa da shi?

Jirgin ƙasa na zuwa Hereford daga Birmingham da Landan da Cardiff da Manchester. Daga Hereford mota ta fi sauƙi: ka bi hanyar A465 mai zuwa Abergavenny, sai ka ratse hagu ka bi siririyar hanyar ƙauye. Da hunturu ka isa da wuri, domin kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Ka riƙe takalmin taɓo idan za ka hau tudun ganuwa da ke bayan maƙabarta, daga can ana hango tsaunukan Wales.

A Hereford akwai babban cocin bishop, inda aka ajiye taswirar duniya ta wajajen 1300 da aka zana a kan fata. Mai bin sawun masassaƙan nan kuwa zai sami hannunsu a kwarin baftisma na Eardisley da na Castle Frome, da Samson na kokawa da zaki a Stretton Sugwas, da waliyyi Jojis na sukar dodo a Brinsop.

Sai Shobdon. A tsakiyar ƙarni na 18 masu ƙasar, iyalin Bateman, suna da kuɗi, sai suka rushe cocin Oliver de Merlimond suka gina sabo mai farin fenti da ado na yayi. Bakunan tsohon, da sassaƙarsu da ake cewa ta kai ta Kilpeck ko ta fi, suka kwashe suka kafa a kan wani tudu don ƙawata lambu. Suna nan tsaye har yau a fili, ruwa da iska sun side su, sai ka matsa kusa ka ƙura ido kafin ka gane wannan maciji ne, wancan mutum.